Teburin da Ya Kusa Cinye Mana Falo

Ranar da dillali ya buɗe mana ƙofar gidan da muke haya yanzu a Kano, ya tsaya a tsakiyar wani dogon ɗaki, ya nuna dama ya ce ga falo, ya nuna hagu ya ce ga dainin, alhali babu bango, babu ko matakala ɗaya da ta raba su. Abin da kawai ya shaida cewa mai zanen gidan ya yi nufin wuri biyu shi ne mazaunin fitila guda biyu a silin. Daga baya da na sa tef na auna, sai na tarar tsawon ɗakin mita 7 ne, faɗinsa mita 4, kuma ƙofofi huɗu ne suke buɗewa a cikinsa: ta shigowa, ta kicin, ta lungun da ke kaiwa ɗakunan kwana, da ta banɗakin baƙi. A lokacin ban ɗauki ƙofofin nan a bakin komai ba, hankalina yana kan launin labule da irin kujerun da za su dace, sai da na shafe kusan shekara guda ina tuntuɓe da ƙafar tebur kafin na gane cewa su ne suke mulkin ɗakin.

A cikin birni na tashi, a gida irin na da, inda kowane aiki yake da muhallinsa. Baƙon namiji yana tsayawa a zaure, idan na kusa ne ya ƙarasa soron ciki, kuma a can ake kai masa abinci a rufe da faifai. Mata da yara suna ci a tsakar gida ko a rumfa, a kan tabarma, babu idon da yake kansu, wadda take girki kuma tana kai da kawowa tsakanin murhu da ɗaki ba tare da ta nemi mayafi ba. Ginin zamani ya tattara zaure da rumfa da tsakar gida ya zuba su a ɗaki ɗaya, sannan ya ɗora masa tebur mai kujeru shida, a bisa zaton cewa mutanen gidan za su zauna tare da baƙinsu, maza da mata, su ci da cokali a lokaci guda. Akwai gidajen da haka rayuwarsu take, amma namu ba ya cikinsu, kuma ina kyautata zaton yawancin gidajen da na sani ma haka ne. Saboda haka matsalar falon da aka haɗa da wurin cin abinci, a wurinmu, ta fi ƙarfin zaɓen fenti, domin tambaya ce ta yadda ɗaki ɗaya zai karɓi baƙo, ya ciyar da iyali, ya suturta matar gida, kuma ya bar wurin shimfiɗa sallaya.

Shirin farko 'yan uwana ne suka yi shi, irin yadda 'yan jere suke yi wa amarya, kuma da kyakkyawar niyya suka yi. An jingina kowane abu da bango. Saitin kujeru mai ɗaukar mutum bakwai ya zagaye rabin ɗakin, aka kafa babban teburin tsakiya a gabansu, teburin cin abinci mai saman gilashi da kujerunsa shida suka tsaya a ɗaya rabin, sai kabad mai madubi da aka cika da tangaran da kofunan da ba a taɓa shan ruwa da su ba. Duk wanda ya shigo a makon farko sai ya ce masha Allah, ni ma na ji daɗi. Amma da zama ya yi zama, sai ga shi duk wanda zai fita daga kicin zuwa ɗakin kwana dole ya ratsa ta tsakanin baƙi da talabijin, ƙofar banɗaki ba ta buɗuwa sosai saboda kujera ta tokare ta, teburin kuwa ya koma ma'ajiya: kuloli, fulas ɗin shayi, jakunkunan makarantar yara, makullan mota, takardun da ba a san inda za a kai su ba. Mu kuma masu gidan muna shimfiɗa ledar cin abinci a ɗan siririn filin da ya rage a gaban talabijin, muna ci a takure, gwiwa tana gugar gwiwa.

Surukata ce ta faɗi abin da na daɗe ina gani ban furta ba. Ta zo mana kwana uku a cikin azumi, da aka kira magariba ta nemi inda za ta tayar da salla a falon ta rasa, sai da ta shiga ɗakin yara. Bayan an sha ruwa ta dubi teburin da ke tsaye da kayansa, ta dubi yadda muka cunkushe a ƙasa, ta ce, "'Yar nan, wannan tebur naku, ku kuke ci a kansa ko shi yake cin ɗakinku?" Na yi dariya na ce, "Hajiya, ai ado ne." Ta ce, "To, Allah ya kyauta, adon da ya hana mutum miƙe ƙafa." Ba ta ƙara cewa komai ba, amma bayan Salla da mako biyu na sa aka fitar da duk abin da yake ɗaguwa zuwa baranda.

Abin da na yi daga nan shi ne abin da nake ba kowa shawara ya fara da shi kafin ya sayi ko da kujera ɗaya. Na ɗauki alli na zana a kan tayil hanyoyin da ƙafafunmu suke bi da kansu: daga ƙofar shigowa zuwa lungun ɗakuna, daga kicin zuwa inda ake ci, daga wurin zaman baƙi zuwa banɗaki. Na bar wa kowace hanya faɗin santimita 90, wato kimanin ƙafa uku a lissafin kafintoci, domin shi ne abin da mace mai ɗauke da tire za ta wuce ba tare da ta karkata ba. Abin da ya rage bayan an cire hanyoyin shi ne ainihin filin da nake da shi, kuma ya yi ƙasa ƙwarai da abin da idona yake gaya mini lokacin da ɗakin yake fayau. Sannan na shimfiɗa tabarmi da tsofaffin jaridu daidai girman kowane abin da nake son sakawa, muka yi kwana huɗu muna zagaye su kamar kayan gaske, maigidan yana tsokanata cewa na mayar da falo filin wasan 'yar gala-gala.

A nan ne lissafi ya tona asirin teburin. Teburin mutum shida yakan kai santimita 180 a tsawo da 90 a faɗi, domin kowane mai ci yana bukatar kimanin santimita 60 don gwiwar hannunsa kada ta bugi ta maƙwabcinsa. Sai dai girman tebur ba shi ne girman wurin da yake ci ba, saboda kujera sai an ja ta baya kafin a zauna, kuma sai an bar wa mai wucewa hanya a bayanta, wanda hakan yake nufin ƙarin santimita 90 a kowane gefe. Idan aka haɗa, teburin nan yana neman fili mai mita 3.6 a tsawo da mita 2.7 a faɗi, wato kusan murabba'in mita 10 daga cikin 28 da ɗakin gaba ɗaya yake da su. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na falonmu ke nan muka sallama wa abin da ba mu zauna a kansa ba sai sau biyu ko uku, su ma don an yi baƙi daga wurin aikin maigidan.

Ban yarda da masu cewa a fitar da tebur gaba ɗaya ba, ko da yake na yi tunanin hakan. Yara suna bukatar inda za su yi aikin makaranta, karin kumallon safiyar ranar aiki ya fi sauri a kan tebur, kuma mahaifina da ciwon gwiwa ya hana shi zaman ƙasa yana ziyartarmu. Abin da na yi shi ne na sayar da mai gilashin, na sa kafinta ya yi mini wani mai tsawon santimita 150 da faɗin 80, tsayinsa 75 kamar yadda aka saba, sannan a maimakon kujeru ta kowane gefe, aka yi dogon benci mai tsayin santimita 45 da aka jingina da bango a kusurwar da ke kusa da ƙofar kicin. Benci ba a jan sa baya, saboda haka wancan fili na bayan kujera ya dawo mana ta gefe guda, ga shi yana ɗaukar yara uku a inda kujera biyu za su tsaya. Na sa aka yi saman bencin mai buɗewa, cikinsa ya zama ma'ajiyar ledar cin abinci, manyan tire da kulolin da ba a amfani da su kullum. Kujeru biyu kacal na bari a ɗaya gefen, kuma idan an gama ci ana tura su ƙarƙashin teburin.

Sai da na yi asara kafin na koyi zancen katako. A cikin damina aka yi saman teburin na farko, ya zo sumul yana ƙyalli, amma hunturu yana kamawa sai ga tsaga ta buɗe a tsakiyarsa har ana iya zura tsinken tsintsiya. Na kira kafintan na ce, "Malam, wannan aikin fa?" Ya shafa wurin ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, katakon ne bai gama bushewa ba, ke kuma kin matsa a kawo kafin suna." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, domin katako yana shan danshin iska ya kumbura, idan iska ta bushe kuma ya tsuke, kuma tazarar da ke tsakanin danshin watan Agusta da bushewar watan Janairu a Kano babba ce. A karo na biyu da kaina na bi shi 'Yan Katako a Na'ibawa, muka zaɓi madaci wanda ya daɗe a ajiye, aka bar shi ya ƙara shan iska kafin a taɓa shi. Allunan nan na garin katako da ake matsewa a masana'anta sun fi araha kuma suna da kyan gani, amma ba na ba da shawararsu a wurin da ake cin abinci, saboda da zarar ruwa ya sami hanya ta gefensu sai su kumbura su fara marmashewa, mu kuwa gidan da ake wanke hannu kafin ci da bayan ci, ana goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma sau uku a rana, ruwa ba ya rabuwa da wurin. Gilashi kuma na sallame shi har abada, domin a hunturu ko minti talatin ba a yi da gogewa ƙura take sake rubuta kanta a kai, ban da fargabar da nake yi duk lokacin da ƙaramin yaron ya ɗauki cokali yana ganga.

Raba ɗakin biyu ba tare da gina bango ba shi ne abin da ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya fi biyana. Gidan haya ne, ba ni da ikon kiran magini, kuma ko da ina da shi ba zan so na toshe iskar da take ratsawa daga tagar gabas zuwa ta yamma ba, wadda ita ce rahamarmu a watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40 kuma aka ɗauke wuta. Na fara da janye doguwar kujera mai zaman mutum uku daga jikin bango, na gindaya ta a tsakiyar ɗakin ta ba wa teburin baya. Wannan kaɗai ya canza komai, domin baƙon da ya zauna yanzu fuskarsa tana kallon ƙofar shigowa da talabijin, kicin da wurin cin abinci suna bayansa. A bayan kujerar na sa wata gajeriyar kabad wadda ba ta wuce tsayin kujerar ba, ƙofofinta suna buɗewa ta ɓangaren teburin, a ciki faranti da kofuna na yau da kullum suke, a kanta kuma ake jera kuloli lokacin cin abinci don teburin ya sami sarari.

Sannan na sa aka kafa ƙarfen labule a silin daga bango zuwa bango, daidai saman wannan kabad, na sayo yadi mai ɗan kauri a Kantin Kwari aka ɗinka. Yawancin lokaci labulen a tattare yake a gefe guda, ɗakin yana nan ɗaya, haske yana ratsawa. Idan abokan maigidan suka zo, sai a ja shi, nan take falon ya koma zaure, bayansa kuma ya koma tsakar gida: ina fita daga kicin zuwa ɗaki yadda nake, yara suna cin abincinsu ba tare da an ce su yi sauri ba. Akwai kuma wata kunya da wannan labule ya raba mu da ita, wadda duk Bahaushe ya san ta. Ba a cin abinci a gaban baƙo ba a ce masa bismilla ba, shi kuma baƙon da ya zo da wata magana ta minti biyar ba ya son ya zama kamar ya auna lokacin tuwo ne, sai a yi ta "bismilla mana" da "alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kai", kowa yana jin nauyin kowa. Yanzu wanda za a ciyar ana kai masa nasa a tire har inda yake, kamar yadda ake yi a gidanmu na cikin birni, wanda kuma sauri yake yi ya faɗi abin da ya kawo shi ya tafi.

Daga saitin kujerun na rage biyu masu zaman mutum ɗaya, na ba ƙanwata, babban teburin tsakiya ma ya bi su. A madadinsa na sayo ƙananan tebura uku masu shiga cikin juna, waɗanda ake jawo wa baƙo ɗaya a ajiye masa ruwa, da tum-tum na fata guda huɗu daga Kasuwar Kurmi, inda dukawa suke wannan sana'a tun kaka da kakanni. Tsakiyar falon kuwa na bar ta babu komai sai kafet mai mita 2 da mita 3, wanda ƙafafun gaba na kujerun suka hau bakinsa don kada ya zama kamar tsibiri. Wannan fili da babu komai a cikinsa shi ne ya fi kowane kaya aiki a gidan. A nan ake shimfiɗa leda a ci tuwon dare a faranti ɗaya, domin har yau abincin dare a ƙasa muke ci kuma ba ni da niyyar canzawa. A nan malamin yara yake zama da su da allunansu bayan la'asar. A nan mata suke bajewa ranar suna ko idan an zo gaisuwa. A nan kuma ake jam'in salla idan ruwan sama ya hana fita masallaci. Saboda wannan na ƙarshen ne na mayar da talabijin bangon kudu, na bar bangon gabas babu hoto babu allo, tun da alƙiblar Kano gabas take ta ɗan karkata arewa.

Masu ba da shawarar ado a ƙasashen waje suna yawan cewa a shimfiɗa kafet a ƙarƙashin teburin cin abinci don a ware shi daga falo. Wanda ya faɗi haka bai taɓa wanke miyar kuka ko ɗigon manja daga jikin kafet ba. Ƙarƙashin teburina tayil ne tsirara, a share a goge, kuma bambancin da ke tsakanin wuri mai kafet da wuri marar kafet ya isa ya nuna wa ido inda falo ya ƙare.

Fitila da fanka sun ɗan ba ni aiki. Na so fitila mai saukowa a kan teburin, wadda ake ratayewa kimanin santimita 75 zuwa 80 daga samansa don ta haska abinci ba ta shiga idon mai ci ba, amma mazaunin da aka tanada yana tsakiyar rabin ɗakin ne, teburin kuwa ya koma kusurwa, sai da mai gyaran wuta ya ja waya a cikin siririn bututu ya kai ta inda ake so. Na kuma koyi cewa ba a sa fitila a saman fanka, domin fukafukan suna yanka hasken ya riƙa rawa a bango har kan mutum ya yi ciwo, kuma fankar silin a kan tebur kai tsaye tana sandarar da tuwo kafin a kai rabi, don haka ta tsaye nake kunnawa daga gefe. Ƙwayayen fitilar duka na mayar da su masu ɗumin haske, waɗanda ake rubuta 3000K a kwalinsu, saboda farin nan tas mai 6500K yana mayar da falo kamar ɗakin jiran asibiti, yana kuma kashe launin miya. Wari shi ne abin da ba a gani a hoto: daddawa, soyayyen kifi da hayaƙin mai suna kama labule da rigar kujera, shi ya sa duk abin da yake na yadi a ɗakin nan na tabbatar ana iya cire shi a wanke, ƙofar kicin tana rufe lokacin suya, kaskon turaren wuta kuma yana zagayawa bayan an kwashe kwanuka. Kujerun roba masu kama da fata na guje su, domin a bazara suna manne wa jiki, bayan shekara biyu kuma su fara saɓulewa.

A zancen launi ban wahalar da kaina ba. Bangon duka launin madara ne mai ɗan duhu, tun da fari sol ba ya jure ƙurar hunturu, sai dai bangon da bencin yake jingine na sa aka yi masa fenti mai wankuwa saboda hannun yara. Launi biyu na ƙara, shuɗin baba da ruwan ƙasa na fata da katako, na maimaita su a ɓangarorin biyu don ɗakin ya zama abu guda ko da an ja labule. Wani ƙyalle da aka rina a karofin Ƙofar Mata shi ne shimfiɗar tsakiyar teburin, ragowarsa aka yi rigunan filo na kujerun falo, a bangon saman bencin kuma na kafa faya-fayai bakwai masu girma daban-daban, waɗanda idan bukata ta taso ana sauke ɗaya a rufe kwano da shi.

Babbar kabad mai madubi ita ce ta jawo mini magana. Da gwaggona ta zo ta ga babu ita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke, ina kayan da aka kai ki da su? Ko so kike a ce ba a yi miki komai ba?" Na ce, "Gwaggo, suna nan lafiya lau a sito, wuri ne ya yi kaɗan." Ba ta gamsu ba, kuma na fahimce ta, domin a zamaninsu jeren kwalla da tasa a bangon ɗaki shi ne shaidar gatan mace da dukiyar da za ta iya sayarwa ranar wuya. Abin da na iya yi shi ne na zaɓo tasoshi uku na mahaifiyata, na goge su da toka da lemon tsami har suka dawo da haskensu, na ɗora su a kan wani ɗan katako a saman ƙofar kicin, inda duk wanda ya zauna a teburin zai gan su. Ta dube su da ta sake zuwa, ta gane na wace ce, ba ta ƙara tayar da zancen kabad ba.

Abu ɗaya ne har yanzu ya gagare ni, shi ne firizar da kicin ya kasa ɗauka, wadda take tsugune a kusurwar da ke fuskantar bencin tana gurnani duk lokacin da aka kawo wuta. Na gwada rufe ta da ƙyalle, sai ta koma sabon wurin ajiye makullai da jakunkunan makaranta. Na auna lungun da ke bayan kicin na ga za ta shiga idan aka cire ƙofar sito aka mayar da ita mai buɗewa waje, mai gidan hayar ya ce ba shi da matsala muddin za a mayar masa da ita yadda take ranar da za mu tashi, kafintan kuma ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar.